Yini Guda da Iyali a Dutsen Pilatus: Tambayoyi da Amsoshi kan Hawan Dutse da Keken Zamiya

Dutsen Pilatus yana tsaye ne a kan birnin Luzern da ke tsakiyar ƙasar Suwizalan, kuma yana cikin duwatsun Turai da magidanci zai iya hawa da matarsa da ƙananan yara har ma da tsohuwa, ba tare da kowa ya yi tattaki mai wahala ba. Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda iyaye suka fi damuwa da su idan za su kai yara can a lokacin zafi, musamman masu son su hau keken zamiyar da ke wurin da ake kira Fräkmüntegg, wata tasha a tsakiyar dutsen.

Mene ne keken zamiya, kuma yaya ake yin sa alhali babu dusar ƙanƙara?

Asalin wasan na lokacin sanyi ne, yara su zauna a kan ɗan katako su sulalo daga tudu a kan dusar ƙanƙara. Da mutanen tsaunuka suka ga baƙi suna zuwa a watannin zafi, sai suka shimfiɗa doguwar hanya ta ƙarfe mai zurfi a tsakiya, tana lanƙwasa tana gangarowa a jikin dutse. A cikinta ake sa ɗan keke mai ƙananan tayoyi, mutum ya zauna ya miƙe ƙafafu, sandar birki tana tsakanin gwiwoyinsa. Babu inji, babu fetur. Gangara ce kawai take jan keken.

Ta Fräkmüntegg, wadda suke kira Fräkigaudi, tsawonta mita 1,350 ne. Tana bi ta cikin makiyaya da gefen itatuwa, akwai kwanoni masu kaifi, akwai wuraren da take shigewa ƙarƙashin ƙasa ta sake fitowa. Idan aka kai ƙarshe ba a sauka a hawo da ƙafa. Ana maƙala keken a jikin wata igiya, ta jawo shi sama mutum yana zaune, fuskarsa tana kallon gangaren da ya baro. Yara da yawa wannan komawar ce take ba su damar ganin shanu da Tafkin Luzern, domin a lokacin saukowa hankalinsu duk yana kan sanda.

Wa yake tuƙa keken? Akwai ma'aikacin da yake tsayar da shi?

Wanda ya zauna a ciki shi ne direba, kuma wannan ita ce maganar da nake so kowane uba da kowace uwa su riƙe. Ka tura sanda gaba, keke ya saki ya tafi. Ka jawo ta jikinka, birki ya kama. Ma'aikata suna sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya a wurin tashi, suna kuma karɓar su a ƙarshe, amma tsakanin nan da can babu hannun kowa a kan birkin sai naka.

Saboda haka mafi yawan haɗarin wannan wasa daga karo yake zuwa. Wani ya tsorata ya tsaya cik a bayan kwana, na bayansa ya taho da gudu bai gan shi ba. Ko kuma saurayi ya ƙi taɓa birki har ya tarar da mai ɗauke da yaro. Dokokin a rubuce suke da zane a wurin hawa: a bar tazara mai yawa, a rage gudu inda allo ya ce a rage, hannu biyu a kan sanda, kada a tsaya a tsakiyar hanya sai dole, kada a fitar da hannu ko ƙafa daga keke. Ɗaukar hoto ko bidiyo da waya a lokacin saukowa ma an hana, kuma hanin yana da hujja, tunda hannun da ya riƙe waya ba ya riƙe birki.

Shawarata ga iyali ita ce a jera mutane bisa ƙarfin zuciyarsu. Wanda ya fi son gudu ya fara tafiya, mai tsoro ya zo a ƙarshen ayarinku, a kuma roƙi ma'aikaci ya ɗan jinkirta baƙon da zai biyo bayansa.

Daga shekara nawa yaro zai iya hawa?

Yaron da ya cika shekara 8 ana barin sa ya tuƙa shi kaɗai. Wanda bai kai ba yana zama ne a gaban babba a keke ɗaya, babban ya riƙe sanda. Jariri da ɗan goye ba nasu ba ne, sai a bar su wurin wanda zai zauna a bakin wajen.

Amma cika shekara ba shi ne cika hankali ba. Akwai ɗan shekara 10 da idan ya firgita zai saki sanda ya rufe ido. Uwa ta fi kowa sanin halin ɗanta. Idan kuna da shakka, ku yi zagayen farko tare, yaro ya ɗora hannunsa a kan naku ya ji yadda birki yake kamawa, sannan a zagaye na biyu a duba ko zai iya. Kuma don Allah kada a tilasta wa yaron da ya ce ba ya so, ko a bar yayyensa su yi masa dariya. A Fräkmüntegg akwai filin wasan igiyoyi a kan itatuwa, a tashar Krienseregg da ke ƙasa kuma akwai babban filin wasan ƙananan yara, ba zai rasa abin yi ba.

Mace mai hijabi ko mayafi, da namiji mai doguwar riga, za su iya hawa?

Za su iya sarai. Abin kiyayewa shi ne duk abin da yake lilo. Keken yana kusa da ƙasa sosai, tayoyinsa suna ƙarƙashin mazauni, kuma iska tana ɗaga yadi. Bakin mayafi ko gefen abaya idan ya sauka daga keke zai iya shiga ƙarƙashin taya. Hajiya ta sa ƙaramin hijabi da za a iya cusa shi cikin rigar sanyi, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta tattare rigar a cinya kafin a sallame ta. Babbar riga kam a bar ta a masauki ranar. Hula ma iska za ta ɗauke ta, gara a sa ta a jaka. Takalmi ya zama kambas mai kama ƙafa, ban da silifas da mai tsini.

Ta ina ake hawa dutsen?

Hanyoyi biyu ne, kuma daɗin tafiyar shi ne a hau ta ɗaya a sauko ta ɗaya.

Ta ɓangaren garin Kriens, ana shiga bas mai lamba 1 daga tashar jirgin ƙasa ta Luzern, a sauka a tsakiyar Kriens, a taka 'yan mintoci zuwa tashar motar igiya. Ƙananan akwatuna ne masu gilashi da suke rataye a jikin waya, kowanne yana ɗaukar mutum huɗu. Suna bi ta Krienseregg su kai Fräkmüntegg, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 1,400, cikin kusan rabin awa. Daga nan sai a sauya zuwa babbar motar igiya da aka buɗe a 2015, wadda cikin ƙasa da minti huɗu take kai mutane tashar ƙoli, Pilatus Kulm, a tsayin mita 2,073.

Ta ɓangaren ƙauyen Alpnachstad kuwa, jirgin ƙasa mai haƙora ne yake hawa. Ana zuwa Alpnachstad daga Luzern ta jirgin ƙasa cikin kamar minti ashirin, ko ta jirgin ruwa a kan tafki, wanda ya fi jinkiri amma ya fi kyan kallo.

Wace hanya ta fi dacewa a fara da ita?

Yawancin baƙi suna farawa da jirgin ruwa, su hau jirgi mai haƙora, su ci abinci a ƙoli, sai da yamma su gangaro wurin keken zamiya. Ni ina ganin mai yara ya juya tsarin. Dalilina guda ne: ana rufe hanyar zamiya da zarar ta jiƙe, domin birki ba ya kama ƙarfe mai laima yadda ya kamata. A watannin zafi kuwa, hadarin tsaunukan Alps ya fi haɗowa bayan azahar. Safiya za ta waye garau, zuwa ƙarfe uku gajimare ya lulluɓe ƙoli, a yi yayyafi na ɗan lokaci, shi ke nan an rufe. Yaron da aka yi wa alkawarin keke tun daga gida, ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, babu kyan kallon da zai rarrashe shi.

Idan kun fara ta Kriens da sassafe, za ku isa wurin zamiya kafin layi ya yi tsawo, yara su more, sannan ku ƙarasa ƙoli kafin tsakar rana, lokacin da sama ta fi zama a buɗe. Saukowa ta jirgi mai haƙora da komawa ta tafki su zo a lokacin da ƙafafu suka gaji, kowa yana son zama. Ko ruwan ya sauko a lokacin, kuna ƙarƙashin rufi. Abu ɗaya da za a kula da shi shi ne a duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe tun da safe, a kuma kama kujera a jirgi mai haƙora ta intanet idan ranar hutu ce.

Idan ruwa ya kwana yana sauka, to a jira rana ta busar da hanyar, ko a ɗaga tafiyar zuwa washegari. Akwai kyamarorin da suke nuna halin da ƙolin yake ciki kai tsaye a shafin kamfanin dutsen, kuma manhajar hasashen yanayi ta gwamnati, MeteoSwiss, tana nuna tafiyar hadari awa bayan awa.

Jirgin nan mai haƙora ba shi da haɗari? An ce kusan a tsaye yake hawa.

Shi ne jirgi mai haƙora mafi tsananin gangara a duniya. A wurin da ya fi tsanani, a kowane mita 100 da ya ci gaba yana ɗagawa mita 48. Tsawon layin mita 4,618 ne, kuma yana hawa fiye da mita 1,600 cikin kusan rabin awa. An buɗe shi a 1889 yana aiki da tururi, aka mayar da shi na lantarki a 1937.

Injiniyan da ya tsara shi, Eduard Locher, ya fahimci cewa irin haƙoran da ake amfani da su a wasu duwatsu ba za su yi a nan ba. A waɗancan, taya mai haƙora tana hawa ne a saman wani ƙarfe mai gibi-gibi, kuma idan gangara ta yi yawa tayar tana iya ɗagowa ta fita. Sai ya kwantar da abin: ya sa haƙoran a gefe biyu na ƙarfen tsakiya, tayoyi biyu a kwance suna cizon sa daga dama da hagu. Ta haka jirgin ba shi da hanyar ɗagowa, iska mai ƙarfi ma ba ta iya tunkuɗe shi. Wannan dabara ce har yau take riƙe da sababbin taragun da aka kawo a 'yan shekarun nan. Idan kuna da yaro mai son injuna, ku nuna masa ƙarfen tsakiyar kafin ku shiga, zai fi fahimta da idonsa.

Jirgin yana aiki ne daga Mayu zuwa Nuwamba, gwargwadon yadda ƙanƙara ta bari.

Me za mu gani idan mun kai ƙoli?

Idan Allah ya ba ku sama mai haske, za ku ga Tafkin Luzern da rassansa a ƙasa, birnin ya koma ƙarami, a kudu kuma jerin tsaunukan Alps masu farin kai. Akwai faffaɗan dandali, da gidajen abinci, da otal biyu, ɗaya tun 1890 yake. Daga dandalin akwai matakala zuwa ƙololuwa biyu na kusa, Esel da Oberhaupt, kowanne hawan 'yan mintoci ne. Akwai kuma wata hanya da aka fafe a cikin dutse mai tagogi, wadda yara suke so ƙwarai. Ƙololuwa mafi tsayi ita ce Tomlishorn, mita 2,128, tafiyar fiye da rabin awa a hanya mai furanni. Wannan ta manyan yara ce, kuma a riƙe hannu.

Za ku ga baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki suna shawagi dab da mutane. Masu sa'a kuma sukan hango awakin dutse masu manyan ƙahoni, waɗanda aka dawo da su dutsen a farkon shekarun 1960. Sun fi fitowa da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana.

Me ya sa ko'ina ake ganin hoton wani jan dodo mai fikafikai?

Mutanen Luzern na da sun yi imani da cewa irin waɗannan dodanni suna zaune a kogunan dutsen. Sun kuma yi imani da cewa gawar Bilatus, gwamnan Rumawa na zamanin Annabi Isa (AS), tana cikin wani ɗan tafki a can sama, kuma duk wanda ya jefa dutse a ciki zai tayar da guguwa. Tsoron ya kai hukumar birni ta hana hawa dutsen, har a 1387 aka ɗaure wasu limaman coci shida saboda sun yi yunƙurin hawa. Sai a 1585 wani limamin cocin Luzern ya ja mutane suka je suka yi ta jifa a tafkin, ba abin da ya faru, daga baya ma aka janye ruwan. Zuwa 1868 har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta hau dutsen a kan ɗan doki. Dodon ya zama tambarin kamfani kawai a yau.

Akwai sanyi? Ai lokacin zafi ne.

Akwai. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Tafkin Luzern yana mita 434 ne, ƙoli ya haura 2,000, wato bambancin kusan digiri 10, ga iska. Kuna iya barin Luzern kuna gumi, ku isa sama ku ji sanyi irin na asubahin hunturu. Kowa ya ɗauki suwaita da rigar ruwa mara nauyi, yara a ƙara musu safa. Rana kuma tana da ƙarfi a sama ko da ana jin sanyi, don haka a sha ruwa sosai.

Muna da mai sikila a cikin yaranmu, kuma Baba yana da hawan jini. Za su iya zuwa?

Wannan tambaya ce ta likita, kuma a yi ta tun kafin a sayi tikitin jirgin sama. Ga mai lafiya, tsayin Pilatus bai kai inda ciwon tsauni ya saba kama mutane ba, abin da za a ji bai wuce toshewar kunne da saurin haki a matakala ba. Mai sikila kuwa lamarinsa daban ne. Ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsayi, da sanyi, da ƙishirwa, da gajiya, duka suna cikin abubuwan da suke tayar da ciwon, kuma a nan suna iya haɗuwa a wuri guda, ga shi motar igiya tana ɗaga mutum da sauri. Likitan da ya san yaron shi zai ce ko ya kai ƙoli, ko ya tsaya a Fräkmüntegg, ko ya tsaya a tafki. Haka mai ciwon zuciya da mai juna biyu, ita kam keken zamiya ma ta haƙura da shi. Lambar motar asibiti a ƙasar ita ce 144, ta ceto da jirgi mai saukar ungulu kuma 1414, kuma ceton tsada gare shi, don haka a tabbatar inshorar tafiya ta ƙunshi wannan.

Yaya batun abinci da salla?

Tsiran da ake gasawa a irin waɗannan wurare mafi yawansu akwai naman alade, ko da an ce na maraƙi ne sukan haɗa. Ku riƙe kalmomi uku na Jamusanci a takardar abinci: Schwein, Speck da Schinken, dukansu alade ne. Soyayyen dankalin da suke kira rösti da taliyarsu mai cuku sau da yawa ana barbaɗa musu shi, amma idan aka ce a cire ana cirewa. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki kuwa da giya ake dafa shi. Mafi sauƙi da arha shi ne a yi guzuri daga kantunan Coop ko Migros da ke tashar jirgin Luzern, waɗanda suke buɗe har ranar Lahadi: burodi, cuku, ƙwai, 'ya'yan itace. Ruwan famfo na sha ne, sai inda aka rubuta hani.

Salla ba ta da wuya. A Yuni da Yuli azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya da rabi, magariba kuma sai bayan tara na dare, don haka azahar da la'asar kaɗai za su same ku a hanya, ga kuma rangwamen matafiyi. A ɗauki ƙaramar darduma, a nemi gefe a makiyaya inda ba hanyar mutane ba. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Shanun da ke kiwo a wurin, yara za su iya taɓa su?

A'a. Ku ji daɗin ƙarar ƙararrawarsu daga nesa. Saniya mai ɗan maraƙi tana kai hari idan aka matso, kuma siririyar wayar da ta kewaye makiyaya sau da yawa akwai lantarki a jikinta. Idan kun buɗe ƙofar shinge, ku rufe.

Ta yaya za a rage kuɗin?

Suwizalan ƙasa ce mai tsada, kuma tikitin dutse yana cikin abin da ya fi cin aljihu. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba. Mai riƙe da Swiss Travel Pass, wato tikitin zirga-zirga na baƙi a ƙasar, ba ya biyan bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa zuwa gindin dutsen, na hawa dutsen kuma rabi yake biya. Da katin iyali da ake bayarwa tare da shi, yaran da ba su kai shekara 16 ba suna tafiya kyauta idan suna tare da mahaifi ko mahaifiya, 'yan ƙasa da shekara 6 kuwa dama ba sa biya. Tikitin keken zamiya daban ake sayen sa a wurin, kuma sayen na zagaye da yawa a haɗe ya fi sauƙi, tunda da wuya yaro ya yarda da zagaye ɗaya. Wanda aljihunsa bai kai ƙoli ba yana iya sayen tikitin Kriens zuwa Fräkmüntegg kawai ya dawo.

Yini guda ya isa?

Ya isa, idan an fito da wuri. A ware awa shida zuwa takwas ga cikakken zagaye da yara, har da layi da cin abinci. Wanda ya sauka a Zurik ma zai iya, domin jirgin ƙasa daga can zuwa Luzern bai kai awa guda ba. Idan jirgin ruwa ya sauke ku da sauran ƙarfi, tsohuwar gadar katako ta Kapellbrücke, wadda aka gina tun ƙarni na 14 aka kuma sake gyara ta bayan gobarar 1993, tana nan 'yan taku kaɗan daga mashigar jiragen.